Layin Ko-ta-kwana: Yadda Rauta Ke Ƙaura, Da Yadda Take Komowa

Ran Alhamis 14 ga watan Maris na shekarar 2024, jama'a da yawa a ƙasar nan sun wayi gari intanet tana ɗingishi, kafin rana ta take kuwa a wurare da dama ta durƙushe. Masu hulɗa da bankuna suka yi ta tura kuɗi ba su tafi ba, masu na'urar POS a bakin kasuwa suka yi tagumi, a ofisoshi kuma aka yi ta kashe na'urori ana sake kunnawa, ana tsammani ko a cikin ɗaki laifin yake. Ashe abin ya yi nisa da ɗaki. Can a ƙarƙashin tekun Atilantika, daura da gaɓar ƙasar Kodebuwa, manyan wayoyi 4 waɗanda ke haɗa Afirka ta Yamma da Turai, watau WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, su ne suka lalace cikin 'yan sa'o'i kaɗan. Kamfanin MainOne ya ce binciken farko ya nuna motsawar ƙasa ce a gindin teku ta jawo. Abin bai tsaya a kan Nijeriya ba, ya shafi Gana da Laberiya da Benin da Burkina Faso da Nijar, da ita kanta Kodebuwa. Gyaran waya a cikin teku kuwa ba aikin yini ɗaya ba ne, sai jirgin ruwa na musamman ya taso daga nesa, ya laluɓo wayar, ya jawo ta sama, a haɗa, sa'an nan a mayar. Ta MainOne ba ta koma aiki ba sai a cikin watan Mayu.

Amma ba kowa ne ya rasa hanya ba. Wayar Glo-1, wadda ta taso daga Ingila zuwa Ikko, da wayar Equiano ta kamfanin Google, wadda aka kawo gaɓar Ikko a shekarar 2022, ba su cikin waɗanda suka lalace. Wanda layinsa ya bi ta cikinsu ya ci gaba da harkarsa, ko da yake cikin cunkoso. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan mai kanti, ko mai asibiti, ko shugaban makaranta, ya ƙudura a ransa cewa daga ranar nan ba zai ƙara dogara da layi ɗaya ba, ya je ya sayo na biyu ya ajiye na ko-ta-kwana.

Sai dai sayen layi na biyu shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Layi biyu a ɗaki ɗaya ba za su zama babba da mataimakinsa ba sai an koya wa na'urar da ke tsakaninsu abu biyu: yadda za ta gane babban layi ya mutu ta ƙaura, da yadda za ta tabbatar ya farfaɗo ta komo. Na biyun nan, a ganina, shi ya fi wuya, shi kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

ƊAN KAMASHON TASHA

Na'urar da muke magana a kanta ita ce rauta, akwatin nan mai 'yan fitilu wanda ke rarraba intanet ga kwamfutoci da wayoyin gida ko ofis. Duk saƙon da ya fita daga kwamfuta ana yanyanka shi ne ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi da adireshin inda za shi. Aikin rauta kamar na ɗan kamasho ne a tashar mota: fasinja ya zo, ya faɗi garin da za shi, a nuna masa motar da zai shiga. Tana da jadawalin hanyoyi wanda take dubawa, a ƙarshen jadawalin kuwa akwai layi guda mai cewa, duk wanda ba a san hanyar garinsa ba, ya bi ta ƙofa kaza. Wannan ƙofa ita ce na'urar kamfanin da ke sayar wa mutum intanet, kuma kusan duk abin da ke fita waje ta nan yake bi.

Idan layi biyu ne, ƙofofi biyu ke nan, tilas a gaya wa rauta wadda za ta fifita. Ana yin haka da lamba, wadda na'urori da yawa ke kira nisa, kuma ƙaramar lamba ita ke cin nasara. A na'urorin Cisco da na MikroTik, hanyar da mutum ya rubuta da hannunsa tana zuwa da lamba 1. Sai a bar babban layi a kan 1, a ba na ko-ta-kwana 2 ko 10. Muddin hanya ta 1 tana cikin jadawali, ta biyun tana nan a zaune ba ta ɗaukar kowa. Da an cire ta 1, ta biyun ta miƙe. Da ta 1 ta dawo, ta biyun ta koma ta zauna. Iyakar dabarar ke nan a takarda, kuma masu haɗa na'urori da yawa a nan suke tsayawa, su karɓi ladansu su tafi.

Matsalar ita ce, wa zai cire hanya ta 1 daga jadawali? Idan an bar rauta da hankalin kanta, ba ta cire hanya sai ta ga wayar da aka soka mata ta mutu, watau an zare ta, ko na'urar da ke ɗaya bakin ta ɗauke wuta. Alhali kuwa mafi yawan yankewar intanet ba a bakin ƙofar mutum suke faruwa ba. Katafila ce ta masu aikin hanya ta tsinke wayar gilashi a wani gari, ko turken sadarwa ne ya rasa man janareta, ko kuma, kamar a watan Maris ɗin nan, abin yana can cikin teku. Fitilar rauta tana nan kore shar, ita kuwa tana ta zuba fasinjoji cikin motar da ba ta da inji, layin ko-ta-kwana yana gefe yana kallo.

SALLAMA DA AMSA

Maganin wannan shi ne a sa rauta ta riƙa yin sallama. Akwai wata 'yar manhaja mai suna ping, wadda wani masanin kwamfuta Ba'amurke, Mike Muuss, ya rubuta a watan Disamba na shekarar 1983, ya kuma raɗa mata suna daga ƙarar na'urar da jiragen ƙarƙashin ruwa ke lalube da ita. Aikinta ɗaya ne: ta aika ɗan ƙaramin ƙunshi zuwa wani adireshi, ta saurari amsa, ta ƙidaya lokacin da amsar ta ɗauka. Kusan duk dabarun ƙaura a kan wannan aka gina su, ko da sunayensu sun bambanta: IP SLA a na'urorin Cisco, mwan3 a manhajar OpenWrt, rukunin ƙofofi a pfSense.

To, wa za a yi wa sallamar? MikroTik tana da wani tsari mai sauƙi wanda rauta ke yi wa ƙofar kamfani sallama kowace daƙiƙa 10, idan aka yi shiru sau 2 a jere ta ɗauka ƙofar ta rufe. Wannan ya fi babu, amma da a ce shi kaɗai mutum ya dogara da shi ran 14 ga Maris, da bai tsinana masa kome ba. Na'urar kamfani da ke Kano ko Kaduna ko Ikko lafiyarta lau a ranar, tana amsa sallama da hanzari. Abin da ke bayanta ne ya rushe. Mai gadi ya amsa maka sallama a zaure ba shi ne shaidar maigida yana ciki ba. Saboda haka tilas sallamar ta wuce ƙofa, ta tafi wani adireshi mai nisa a cikin intanet. Waɗanda aka fi amfani da su su ne 8.8.8.8 da 8.8.4.4 na Google, da 1.1.1.1 na Cloudflare, da 9.9.9.9 na Quad9, domin suna da sauƙin riƙewa, kuma da wuya a same su a kwance.

Da wuya, na ce, ban ce ba a samu ba. Ran 14 ga watan Yuli na shekarar 2025, adireshin nan 1.1.1.1 ya ɓace wa yawancin duniya har na tsawon minti 62, saboda wani kuskure na cikin gida a kamfanin Cloudflare. Duk rautar da aka ɗaure hukuncinta a kan wannan adireshi shi kaɗai, a daren nan za ta yanke cewa layinta ya mutu alhali lafiyarsa ƙalau. Shaida ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. A sa adireshi 2 ko 3 na kamfanoni dabam-dabam, kada kuma a ce layi ya mutu sai dukkansu, ko mafi yawansu, sun yi shiru tare.

Akwai wani tarko kuma wanda ya shafe mu musamman. Waɗannan shahararrun adireshi suna ɗaya ne amma gidaje da yawa, ana amsa wa mai sallama ne daga gidan da ya fi kusa da shi. Cloudflare, alal misali, yana da na'urori a Ikko. Ke nan mai yiwuwa ne wayar teku ta yanke, sallama ta je Ikko ta dawo lafiya, rauta ta ce babu abin da ya faru, alhali kwamfutar da ofis ke aiki da ita tana Turai, ba a iya kai mata. Don haka kafin a zaɓi wanda za a yi wa sallama, sai mai ofis ya tambayi kansa: ina ne ainihin wurin da aikina ya rataya a kansa? Idan wata babbar kwamfuta ce a ƙasar waje, to ita ma a sa ta cikin shaidu.

Tarko na uku ya fi sauran ban dariya, ya kuma fi su ɓarna. A ce babban layi ya mutu, rauta ta ƙaura lafiya. Lokacin sallama ta gaba ya yi, ta aika, amma da yake yanzu kome ta layin ko-ta-kwana yake fita, sallamar ma ta nan ta bi. Amsa ta dawo. Rauta ta ce madalla, babban layi ya warke, ta komo. Ta sake sallama, shiru, ta sake ƙaura. Haka za ta yi ta safa da marwa har a tashi daga aiki, ma'aikata kuwa su ga intanet tana zuwa tana ɗaukewa kowane rabin minti, ba su san dalili ba. Maganinsa shi ne a ɗaure sallamar babban layi a kan babban layi, a rubuta mata hanya tata ta musamman, a kuma toshe mata fita ta kowace ƙofa dabam ko da wayar farko an zare ta. Abin lura a nan: adireshin da aka ɗaure haka ba zai samu ga mutanen ofis ba duk lokacin da babban layi ke kwance. Saboda haka idan 8.8.8.8 ne kwamfutocin ofis ke tambaya don fassara sunaye zuwa adireshi, aikin da ake kira DNS, to a yi sallama da 8.8.4.4, kada a haɗa su wuri ɗaya.

Sa'an nan akwai layin da bai mutu ba, bai kuma yi rai ba. Wannan shi ne abin da mutane da yawa suka sha a makonnin da suka biyo bayan yankewar wayoyin nan, sa'ad da aka tattara zirga-zirgar ƙasashe aka cusa ta cikin 'yan hanyoyin da suka rage. Sallama tana zuwa, amma rabi na ɓacewa, ko amsa ta iso a makare. Na'urori masu kyau suna auna wannan. A pfSense, idan ba a taɓa ma'auninta ba, iyakar ita ce kashi 20 cikin 100 na sallama su ɓace, ko amsa ta wuce rabin daƙiƙa. Domin mai karatu ya kwatanta, saƙo daga Ikko zuwa Landan ya dawo ta wayar teku yana ɗaukar kimanin kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa. Amma tsohon samfurin tauraron ɗan Adam, irin mai tsayawa can nesa a sama wuri ɗaya, da lafiyarsa ma amsarsa takan haura rabin daƙiƙa, don haka wanda ya ajiye irinsa na ko-ta-kwana, in bai gyara ma'auni ba, rauta za ta lissafa shi cikin matattu tun ba a nemi taimakonsa ba.

KOMOWA GIDA

Babu ɗan Nijeriya da ke bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan ɓangare, domin mun daɗe muna yinsa da wutar lantarki. Hukumar NEPA ta canja suna tun shekarar 2005, amma har yau in fitilar maƙwabci ta haska sai yara su ce Nepa ta kawo. Mai hankali kuwa ba ya zabura ya kashe janareta nan take. Yakan ɗan dakata ya gani ko wutar za ta zauna, domin sau da yawa takan leƙo ne ta koma, kuma wannan kawowa da ɗaukewa ita ke ƙona firji. Shi ya sa makunnin sauya wuta mai aiki da kansa yake da agogon jinkiri a cikinsa.

Layin intanet ma haka yake dawowa. Masu gyara suna haɗa waya suna gwadawa, ya zo minti ɗaya ya tafi, ya sake zuwa. Rautar da ke komowa da amsar farko za ta sha wahala, ta kuma wahalar da mutane. Ka'idar ita ce a fita da sauri, a komo a hankali. Na'urorin Cisco suna ba da damar jinkiri har zuwa daƙiƙa 180, na fita dabam, na komowa dabam. A mwan3 ƙidaya biyu ce, sau nawa za a yi shiru kafin a ce layi ya mutu, da sau nawa za a amsa a jere kafin a ce ya tashi. Shawarata ga ƙaramin ofis ita ce sallama kowace daƙiƙa 5, a ƙaura bayan shiru 3 zuwa 5, amma kada a komo sai layin ya yi minti 3 zuwa 5 yana amsawa ba tare da tuntuɓe ba. Wanda layinsa na ko-ta-kwana ke da ƙarfi, kuma ba a auna masa data, yana iya tsawaita wannan, ko ma ya hana komowa sai bayan an tashi daga aiki.

Mai karatu zai ce, mene ne abin damuwa, tun da ko ta wace ƙofa aka bi intanet ɗaya ce? Dalili shi ne kowace ƙaura tana da farashi. Kwamfutocin ofis ba su fita duniya da adireshinsu na cikin gida, rauta ce ke musanya musu da adireshi guda wanda kamfanin layi ya ba ta. In an canja layi, wannan adireshi ya canja. Kwamfutar banki da ke can tana magana da mutum a adireshi kaza, sai ta ji murya daga wani adireshi dabam tana cewa ni ne, mu ci gaba. Ba za ta yarda ba, kuma daidai ta yi. Maganar ta yanke ke nan, a sake shiga daga farko. Kiran murya ya katse, fayil da aka kai rabi wajen aikawa ya tsaya, mai karɓar kuɗi a kanti ya rasa ko cinikin ya shiga ko bai shiga ba. Wasu sababbin tsare-tsare, irin su QUIC wanda aka tabbatar da ƙa'idarsa a shekarar 2021, da WireGuard, an gina su yadda za su jure canjin adireshi, amma ayyuka da yawa ba a kansu suke ba. Ƙaura ta farko dole ce ta sa, babu yadda za a yi. Komowa kuwa mu muke zaɓar lokacinta, kuma yankewa ce ta biyu wadda muka jawo da hannunmu.

Wani abu kuma yana ɓoye a nan. Rauta tana da littafi inda take rubuta kowace magana da ke gudana, da ƙofar da ta bi. A tsarin Linux, wanda rautoci masu yawa ke tafiya a kansa, maganar da ta kafu tana iya zama cikin littafin nan har daƙiƙa 432,000, watau kwana 5, ko da ba a ce uffan ba. Lokacin ƙaura, idan ba a share tsofaffin rubuce-rubucen ba, wasu na'urori za su ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofar da ta rufe. Wayoyin tebur masu kira ta intanet sun yi suna a wannan: kowa ya koma aiki, su kuwa sun yi gum sai an kashe su an kunna. Saboda haka sharewa a lokacin ƙaura wajibi ce. A lokacin komowa kuwa akwai zaɓi. In an share, kowa ya yanke sau ɗaya, ya dawo babban layi. In ba a share ba, sababbin maganganu su bi babban layi, tsofaffin su ƙarasa a inda suke, babu wanda ya ji kome. Wannan ya fi daɗi, amma akwai maganganun da ba su ƙarewa, kamar ɓoyayyar hanyar VPN da ke haɗa reshe da hedkwata, ko kyamarar tsaro mai aika hoto dare da rana. Irin waɗannan sukan maƙale a layin ko-ta-kwana kwana da kwanaki suna shan data, sai ranar da aka neme shi da gaske a tarar an yashe rijiyar.

Sauran ƙananan abubuwa ba za mu daɗe a kansu ba. Kada kwamfutocin ofis su dogara da DNS na kamfanin babban layi kaɗai, domin wasu kamfanoni ba su amsa wa wanda ya zo daga layin wani. Layin wayar hannu galibi ba ya ba mutum adireshin kansa, yakan haɗa jama'a da yawa a kan guda, saboda haka maigidan da ya saba leƙa kyamarorin kantinsa daga gida kada ya yi mamaki in ya kasa a ranar ƙaura. Idan data ta awo ce, a gaya wa rauta ta hana kallon bidiyo da sabunta manhajoji muddin ana kan layin ko-ta-kwana. A kuma sa ta ta aiko da saƙo duk lokacin da ta ƙaura ko ta komo, domin ƙaurar da ta yi kyau ƙwarai babu mai jin ta, har a yi mako ana biyan kuɗin babban layin da ba ya aiki.

KO HANYA BIYU CE DA GASKE?

Duk wannan dabara banza ce idan layukan biyu uwarsu ɗaya. Mutum yana iya sayen sim na kamfanoni 2 ya ce ya huta, alhali na'urorinsu a kan turke ɗaya suke, domin turaku masu yawa a ƙasar nan mallakar kamfanonin haya ne irin su IHS da American Tower, janareta ɗaya ke ba su wuta. Wayoyin gilashi na kamfanoni dabam-dabam sukan kwanta a rami ɗaya a gefen titi ɗaya. Kamfanoni 2 kuma suna iya sayen hanyarsu ta ƙetare daga wayar teku ɗaya. A watan Yuli na shekarar 2009, lokacin da kusan kowa a yankin nan a kan SAT-3 ya rataya, lalacewarta ta ɗauke wa Nijeriya kimanin kashi 70 cikin 100 na hanyarta ta waje. An ƙara wayoyi bayan nan, MainOne da Glo-1 a 2010, WACS da ACE a 2012, amma shekarar 2024 ta nuna cewa 4 daga cikinsu kusa da juna suke kwance a wani sashe na gindin teku. Hakkin mai saye ne ya tambayi kamfani ta wace waya yake fita, da kuma inda yake komawa in ta yanke. Kamfanin da ya kasa amsa wannan ya riga ya ba da amsa.

Mafi aminci shi ne layukan su bambanta a jinsi: ɗaya wayar gilashi, ɗaya na iska. Mutanen Zamfara sun ga iyakar sim biyu a watan Satumba na shekarar 2021, sa'ad da aka rufe turakun sadarwa na jihar baki ɗaya saboda sha'anin tsaro, kowane kamfani ya ɗauke lokaci guda. Tun watan Janairu na shekarar 2023 Starlink ya fara aiki a Nijeriya, ƙasa ta farko a Afirka, kuma da yake ta sama yake zuwa, katafila ba ta isa gare shi a bakin titin mutum. Amma shi ma yana sauka ne a tashoshin ƙasa, ruwan sama mai ƙarfi yana raunana shi, kuɗinsa kuma ba na kowa ba ne. Sa'an nan kada a manta da abin da ya haɗa kowa, watau wuta. Rauta da na'urorin layukan biyu duka su kasance a kan batir ko inbata, in ba haka ba, 'yan mintocin da ake ɗauka kafin a tayar da janareta sun isa su kashe babba da mataimaki tare.

Manyan ma'aikatu irin bankuna da jami'o'i suna da wata hanya dabam. Sukan nemi adireshi nasu na kansu, aƙalla 256, da lambar shaida daga hukumar AFRINIC, sa'an nan su shelanta wa duniya ta tsarin BGP cewa ana iya iso musu ta kamfani kaza ko kamfani kaza. Ta haka layi na iya mutuwa adireshi bai canja ba. Wasu kuma suna haɗuwa a cibiyar musaya ta IXPN, wadda aka kafa a Ikko a shekarar 2006, domin saƙon cikin gida ya daina zagayawa ta Turai. Wannan aikin injiniyoyi ne da kuɗi masu kauri, ba na kantin magani ba.

RANAR GWAJI

Na taɓa zama a wani ɗan ofis a Kano ranar da babban layinsu ya yanke. Maigidan bai damu ba, ya ce ai akwai sim a cikin rauta. Rauta ta yi aikinta daidai, ta ƙaura cikin daƙiƙa kaɗan, amma babu abin da ya motsa. Da aka zaro sim ɗin aka sa a waya, sai aka tarar an toshe shi tun watanni, yana cikin ɗimbin layukan da aka rufe a shekarar 2024 saboda ba a haɗa su da lambar NIN ba. Saƙonnin gargaɗi duk sun zo, amma cikin akwati suka shiga, inda babu mai karantawa. Shi ya sa layin ko-ta-kwana shi ma yake bukatar tasa sallamar, ko da sau ɗaya ce a minti, domin a san yana numfashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gwajin kansa iri biyu ne, kuma zare waya shi ne ƙaramin. Na gasken shi ne a bar waya a soke, fitila tana kore, a kwaikwayi yankewa mai nisa: a cire wayar gilashi daga bayan na'urar kamfani a bar wadda ta zo rauta, ko a toshe adireshin sallama na ɗan lokaci. A sa agogo a gaba. A rubuta daƙiƙa nawa aka yi kafin ƙaura, a gwada shiga banki, a gwada na'urar karɓar kuɗi, a ɗaga wayar tebur a ji. Sa'an nan a mayar da layi na rabin minti a sake cirewa, a gani ko rauta za ta ruɗu ta biyo shi. Daga ƙarshe a mayar da shi gaba ɗaya, a jira jinkirin ya cika, a duba adireshin da ofis ke fita da shi, a kuma buɗe littafin maganganu a ga ko akwai waɗanda suka maƙale a baya. A maimaita wannan kowane wata 3, da kuma duk lokacin da aka canja kamfani ko aka sabunta manhajar rauta, a ranar da babu ciniki da yawa, kuma wanda ya haɗa na'urar yana tsaye a wurin.